Sanƙon Baffa da Ƙaramin Madubi

Baba, Allah ya haskaka makwancinka. Tun rannan nake neman wanda zan ba labarin abin da ƙanenka ya aikata a shagonku na aski, sai na ga duk wanda na sani yana wurin, kai kaɗai ne ba ka nan. Kilifarka na rataye a ƙusarta, igiyar a naɗe yadda hannunka ya bar ta. Kujerar nan taka ta gefen taga, mai jar fata da matakin ƙarfe, wadda ko shara sai dai a zagaye ta, saura ƙiris ta bar gidanmu. Saurara ka ji. In ana dariya a inda kake, ka yi.

Baffa bai san yana da sanƙo ba sai bayan rasuwarka, kai da yake kira Yaya. Shekara da shekaru Yaya ke masa aski. In ciniki ya lafa sai ya zaunar da shi a jar kujera, ya gyara masa layin goshi, ya ɗauko ƙaramin madubi mai mariƙi ya haska masa ƙeya. Baffa ya ga baƙin gashi, ya shafa, ya ce, "Jinin gidanmu ke nan. Mu ba ma tsufa ta ka."

Da Yaya ya tafi, gashi ya taru babu mai taɓawa. Rannan Baffa ya ɗauki ƙaramin madubin da kansa, ya juya wa babban madubin shago baya, ya ɗaga hannu sama. Sai ya ga wani fili a tsakar kansa, fari tas, yana sheƙi kamar gindin sabon kwano. Ya goge madubin. Filin na nan. Ya leƙa goshi, ya ga gefe da gefe sun ja baya kamar an kira su.

Ya fito a guje ya faɗa shagon Tela, maƙwabcinsu, tsoho mai furfura da baki kamar almakashinsa.

"Tela, ka ga abin da baƙin ciki ya yi min? Rabuwa da Yaya ta kwashe min gashi lokaci guda!"

Tela ya dube shi ta saman tabarau, ya yi wani tari da ba na mura ba. "Lallai baƙin cikin nan ya iya aiki. Har ya goge wurin ya sa masa mai."

Abin bai tsaya a kai ba, ya shiga ciniki. A tsallaken titi akwai wani sabon mai aski da ake kira Ɗan Gayu, yaro mai gashi tuli kamar ya kifa kwando. Shagonsa ɗan akurki ne mai zafi, kujerarsa ta roba, amma samari can suke tururuwa. Bencin Baffa kuwa sai ƙuda.

"Me yaran nan ke gani a wurin waccan tsintsiyar?" in ji Baffa.

"Ba abin da suke gani can ba ne," in ji Tela, "abin da suke gani nan ne. Sun ce in ka sunkuya ɗauko buroshi, hasken na kashe musu ido."

Nan zuciya ta ɗebi Baffa. Ya tsaya bakin titi, tawul a kafaɗa, ya ƙwala wa Ɗan Gayu kira har masu wucewa suka tsaya.

"Kai yaro! Kai yanke gashi kawai ka iya. Ni shuka shi nake yi! Nan da Asabar ɗin ƙarshen wata zan cire hula a gaban kowa, ka ga daji!"

Ɗan Gayu ya leƙo yana murmushi. "In ba a ga daji ba fa, Baffa?"

"Ka faɗi abin da kake so!"

"Jar kujerar marigayi."

Tela ya daina taka keken ɗinki. Baffa ya waiwayi shagon, amma idanu sun yi yawa.

"Na ba ka! In kuma aka ga daji, ka rufe akurkin nan ka zo ka riƙa share min shago!"

Daga nan ya wuce wurin Mai Kemis, mutum mai sanyin magana kamar kullum yanzu ya tashi daga barci. Mai Kemis ya duba kan, ya ajiye masa 'yar kwalba.

"Wannan ruwan shafawa ne, kaɗan ake ɗigawa. Akwai kuma ƙwaya, likitoci kan haɗa biyun, amma ita sai ka ga likita tukuna. Kuma sai an yi watanni."

"Watanni? Ce maka na yi ciki zan ɗauka?"

"In ya fara fitowa, siriri zai fito kamar na jariri, nan da can, ba a jere ba. Kada ka taɓa shi."

"Allah mai iko. Yau mai sayar da maganin tari ne zai koya min gashi. Ka ce dai haɗawa ta fi, ko?"

"Na ce biyun nan..."

"To in biyu sun fi ɗaya, ai goma sun fi biyu. Karatun me kuka yi ne?"

Ya koma gida ya zauna da waya, ya bi duk wani mai bayanin sanƙo a duniya. Wani ya ce ruwan albasa. Wata ta ce tafarnuwa. Wani mai ƙasumba ya rantse da ɗanyen ƙwai da man zaitun. Wani ya nuna 'yar taya mai ƙananan allurai da ake birgimawa a fatar kai. Wani kuma ya nuna hula mai jan haske. Baffa bai musa wa kowa ba. Ya zuba duk abin da ke zubuwa a injin markaɗen matarsa, ya ƙara citta don ra'ayin kansa, ya raɗa wa abin suna Gamayya.

Inna, matarsa, ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu.

"Malam, baƙi za mu yi ne ban sani ba?"

"Kimiyya nake yi. Matsa."

"Kimiyyar ce ta cinye min albasar sati?"

"Za ki gode min ranar da za ki riƙa neman kunnena cikin gashi."

Washegari a shago ya birgima tayar allurai a kansa. Mai bayanin ya ce a hankali, amma Baffa bai taɓa yin abu a hankali ba. Ya bi filin nan ciki da bai kamar mai huɗar gona, sannan ya kamfato Gamayya ya shafe.

Ihun da ya yi, har tattabarun saman rufi sai da suka tashi. Ya fito da gudu ido a rufe, ya ture babur ɗin wani, ya faɗa shagon Tela ya tsoma kai a bokitin ruwan guga.

"Lafiya, Baffa? Wuta ce?"

Baffa ya ɗago, hawaye da albasa na bin fuskarsa. "Yana aiki," ya ce da ƙyar. "Jijiyoyin ne ke farkawa."

"Ai har na unguwar gaba ka farkar."

Daga ranar Baffa ya shiga ɗaure kai da leda, ya ɗora hula a sama. Rana na dukan rufin kwano, Gamayya na nuna a ƙarƙashin leda. Wani direban tasi da ya saba aski wurin marigayi ya shigo don zumunci, ya zauna, aka yafa masa ƙyalle. Baffa ya sunkuyo kansa da kilifa. Direba ya shaƙa sau ɗaya, ya ɓata fuska.

"Maigida, ɓera ya mutu a silin ne?"

"Ƙamshin magani ne. Daina motsi."

Aka aske rabin kai, direba ya ce ya tuna ya bar fasinja a mota. Ya tsallaka titi da ƙyallen a wuyansa, Ɗan Gayu ya ƙarasa masa. Ƙudaje kuwa suka mai da Baffa shugabansu, duk inda ya sa ƙafa suna biye. Kyanwar Tela, wadda ba ta taɓa kula shi ba, ta koma kwana a bakin shagonsa tana kallon hular da ido na soyayya.

Saura hula mai jan haske. Baffa ya ce ba zai saya ba, abin da Bature ya ƙera da hannu biyu shi ma biyun gare shi. Ya samo tsohuwar hular kwano ta 'yan babur, ya jera mata jajayen ƙwayayen fitilar birki a ciki, ya ja waya zuwa batir. Ya yi sabon shafi, ya ninka ƙwai, ya kifa hular, ya hau jar kujera ya harɗe ƙafa.

Tela ya leƙo. "Yau kuma duniyar wata za a je?"

"Jahilci dai ciwo ne. Haske ke kiran gashi, kamar yadda rana ke kiran tsiro."

Can sai wani ƙamshi ya fara fita, wannan karon mai daɗi. Tela ya buɗe hanci. Wani ɗan hayaƙi ya sulalo ta gefen kunnen Baffa.

"Baffa, kana ƙauri."

"Ɗumi ne."

"Wallahi ka nuna. A juya ka kada ka kama."

Da aka fizge hular, ga ƙwai ya soyu lafiya lau a tsakar kai, da albasarsa da komai, gefen har ya yi ja. Tela ya ce gishiri kawai ya rage. Kyanwa ba ta jira gishiri ba, ta yi tsalle ɗaya ta hau kafaɗarsa.

Ruwan Mai Kemis ma bai tsira ba. An ce ɗigo, Baffa ya ce ɗigo na masu ƙaramin sanƙo ne. Tuttulawa yake yi safe da yamma, ruwan na gangarowa ta goshi, ta kunne, ta kumatu, ya jiƙa matashin kai. Kuma abin mamaki, ya yi aiki. Girarsa ta haɗe ta zama guda ɗaya. Kunnuwansa suka yi gashi kamar na zomo. Wata safiya Inna ta fito daga ɗaki riƙe da madubinta.

"Malam. Zo ka ga."

A kumatunta na dama, wanda take kwanciya a kai, wani lallausan saje ya fara layi.

Baffa ya duba, ya yi tsalle. "Allahu akbar! Kin gani? Yana aiki! Ke da ko shafawa ba ki yi ba!"

"Yana aiki? Ni na ce maka ina neman saje? Gobe in shiga cikin mata su ce min sannu Alhaji?"

"Ki kwantar da hankalinki, mijinki mai aski ne. Kyauta zan riƙa gyara miki."

Matashin kan ne ya fara isa tsakar gida, tabarmarsa ta biyo baya.

A kan nasa kuwa, kullum da safe in ya kwance leda ya matsa jikin madubi, sai ya ga wasu 'yan siraran gashi sun ɓullo a gaban goshi da bakin filin, ɗaya nan, biyu can, babu tsari. Idon mai aski ba ya ganin layi a karkace ya yi shiru. Hannunsa da kansa yake zuwa ga aska.

"Ji ƙazanta," ya ce. "Bari in share hanya, in na gasken ya zo ya samu layi a miƙe."

Ya kwashe su tas. In hagu ta fi dama, ya ɗan ƙara shiga dama. In dama ta wuce, ya koma hagu. Haka layin goshi ya yi ta ja da baya cikin ladabi, filin tsakar ka yana faɗaɗa don ya tarye shi, har ya rage 'yar siririyar gada tsakaninsu.

Ranar Asabar ta zo, daji bai zo ba. Da sassafe Baffa ya rufe shago ta ciki, ya tsaya gaban jar kujera. Ya shafa fatar inda hannun Yaya ya koɗar da ita. Sai idonsa ya faɗa kan buhun da ke bayan ƙofa, inda ake tara sharar gashi, wanda tun rasuwar ba a zubar ba.

"Gashi dai gashi ne," ya ce.

Ya ɗauko gam ɗin da ake liƙe takalmi, ya shafe filin da goshi. Ya yi ta damtsa yana mannawa, ya daidaita da almakashi, ya bi gefe da baƙin man takalmi. Da ya gama ya dubi madubi, shi kansa sai da ya ji tsoron kyansa. Ya kifa hula.

Kafin rana ta take, titi ya cika. Masu shaguna sun rufe, direban tasi ya faka, Mai Kemis ya zo da farar rigarsa, Inna na tsaye gefe ta ja mayafi ta rufe kumatun dama. Ɗan Gayu ya tsallako da abokansa biyu majiya ƙarfi, masu ɗaukar kujera.

Baffa ya hau benci a ƙofar shago. Ya yi jawabi a kan Gamayya, ya ce daga yau duk mai sanƙo ya bi layi, har daga ƙasashen waje za a zo. Rana na dukansa, gumi na tsattsafowa. Ya kama hula.

"Ku buɗe ido!"

Hular ta ƙi fita. Ya ja, ta ƙi. Ya ja da hannu biyu, ta fito da wani sauti kamar an yage buhu, da rubu'in dajin manne a cikinta. Sauran dai na nan, tuli guda, baƙi da ja da fari, wani a murɗe wani a miƙe.

Wani daga baya ya ce, "Kai, ya fa fito."

Baffa ya buɗe hannuwa. "Zafi kuke ji? A kunna wa jama'a fanka!"

Babu wanda ya roƙe shi. Direba ya jawo babbar fankar shago ya danna. Iska ta bugi ƙeyar Baffa, daji ya fara tashi. Ya bi iska damtse-damtse, ya sauka a kafaɗun mutane, a shayin wani, a bakin wata mai dariya. Baƙin man takalmi ya narke ya gangaro ta goshi, ya tsaya a girar nan guda ɗaya.

Wani farin curi ya sauka a hannun Tela. Ya gyara tabarau, ya juya shi.

"Tsaya, tsaya. Wannan ai furfurata ce! Ta wancan watan! Baffa, ashe ajiya ka yi min?"

"Ga nawa nan!" in ji direba. "Rabin da ka aske min!"

"Wannan jan na ɗana ne!"

"A mayar wa kowa kayansa!"

Titi ya kece. Wani ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Baffa na tsaye a benci yana dafe abin da ya saura da hannu biyu, yana cewa, "Kaka ce! Kowane gashi yana kaka! Zai sake tohowa!"

Mai Kemis ya matso, ya sa shi ya sunkuya, ya shafa inda gam bai kama ba. "Baffa, nan ai kaushin aski nake ji. Gashi ya fito a nan. Wa ya aske?"

Inna ta amsa daga cikin mayafi. "Wa kuwa? Kullum da safe yana gaban madubi da aska, wai yana share wa na gaske hanya."

"Ai shi ne na gasken," in ji Mai Kemis a hankali.

Baffa ya ɗago kai. "A karkace ya fito," ya ce. "Ni ba na barin aiki a karkace."

Tela ya share hawayen dariya. "Tunda an zo nan, bari in sauke nawa nauyin. Baffa, sanƙon nan ba baƙin ciki ba ne. Ya girmi 'yarka ta fari. Duk titin nan mun san shi. Marigayi ne ya ce duk wanda ya gaya maka, shi da aski a shagon nan har abada. In zai nuna maka ƙeya, sai ya kwantar da madubin ƙasa kaɗan, ka ga inda ke da gashi, ka tashi kana yabon jinin gidanku."

Dariyar ta ɗan lafa. Baffa ya sauko daga benci. Ya leƙa cikin shago, inda ƙaramin madubin ke kife a kan kanta. Ya daɗe yana kallonsa, man takalmi na ɗiga daga haɓarsa, da wani abin da ba man takalmi ba.

"Ashe Yaya ma ɗan damfara ne," ya ce.

Ɗan Gayu ya yi gyaran murya. "Baffa, a yi haƙuri. Alkawari."

Majiya ƙarfin nan suka shiga, suka kama jar kujera, suka ɗaga. Ko gezau. Suka tofa yawu a hannu, suka sake. Wandon ɗaya ya yage. Suka durƙusa suka leƙa, sai ga gindinta dasa cikin siminti, da manyan ƙusoshi an yi musu walda.

"Aikin marigayi ne," in ji Tela. "Tun ranar da Baffa ya taɓa sa ta a musun ƙwallo. Ya ce ya san ƙanensa."

Ɗan Gayu ya zagaya kujerar, ya taka matakin, ta yi sama a hankali ba ƙara. Ya waiwayi akurkinsa da kujerar roba a tsallaken titi. Ya sake duban wannan.

"To ai tawa ce," ya ce. "In ba ta zuwa wurina, ni zan zo wurinta."

Kan farko da ya aske a kujerar na Baffa ne. Da ruwan ɗumi da man zaitun ɗin da ya saura aka yi ta jiƙa gam, Baffa na ihu yana ba shi umarnin yadda ake riƙe aska. Samarin Ɗan Gayu suka biyo shi suka cika benci, har da na tsaye. Kafin yamma Baffa, da kai fari fes kamar an wanke faranti, yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa dama shirinsa ke nan tun farko: yaron yake so ya jawo shago, kuma ga shi ya jawo.

Haka aka yi, Baba. Kujerarka tana nan, shagon ya cika, sajen Inna ya zube, ta bar shi ya koma ɗaki.

Jiya na je aski. Baffa ya ce ɗan Yaya ba ya zama hannun kowa sai nasa, ya ari jar kujerar ya zaunar da ni. Hannunsa ya yi ta yawo a kaina, ya zo tsakiya ya ɗan tsaya, sannan ya wuce. Da ya gama ya ɗauko ƙaramin madubinka ya tsaya a bayana. Ina kallonsa ta cikin babban. Na ga lokacin da ya kwantar da shi ƙasa kaɗan.

"Ka gani?" ya ce. "Jinin gidanmu."

Na ce ya yi kyau, Baffa.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.